In Ɗanmu Ya Faɗa Shaye-shaye a Agege

A unguwannin Hausawa na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12, idan yaro ya kama shan ƙwaya, shawarar da manya suka fi yankewa ita ce a sa shi a mota a mai da shi Arewa. Niyyar mai kyau ce, amma tiramol ɗin da ake gudar masa yana nan a Kano da Gusau, kuma zai isa gida ne ba sana'a, ba mai sa masa ido.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma Kudu maso Yamma ce ke kan gaba. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Ɗan dako ko mai tura baro ba don nishaɗi yake fara shan tiramol ba, neman ƙarfin aiki yake yi. A hankali ƙwaƙwalwa ta saba, har ya zama in bai sha ba jiki ya ɗauki ciwo, gumi ya karyo, barci ya gagara. Yawan shansa kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya kai nan mara lafiya ne, faɗa da bulala ba sa warkar da shi.

Shi ya sa gidan mari yake ba ni tsoro. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayensu ne suka kai yawancinsu, da kuɗinsu, suna neman gyara.

Zaman nasihar da ke amfani ana shirya shi tun kafin a kira yaron. Mutum kaɗan sun isa: wanda yake jin nauyinsa, ko kawu ko maigidan da ya kawo shi ci-rani, da limamin da ya san shi. A same shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba a gaban jama'a ba. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da gori. A daina biyan bashin ƙwayarsa, amma kada a hana shi abinci da makwanci. Sannan a riga an san inda za a kai shi: Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba yana da sashen masu shaye-shaye, hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara.

Bayan sallama daga asibiti wasu kan koma ruwa, likitoci sun san da haka, sai a sake kai su. 'Yan mata da matan aure masu shan kodin a ɗaka kuwa su ne aka fi jinkirin kaiwa, domin dangi na tsoron maganar ta fita ta ɓata aure.