Shirin Musamman: Mutumin da Ya Yi Kiwon Sadaf a Dunganab

Yau za mu bar bakin Nilu mu gangara Bahar Maliya, tekun da kakanninmu mahajjata suka riƙa tsallakawa daga Sawakin, garin da aka gina da dutsen murjani.

A 1905 gwamnatin Sudan ta damƙa wa Cyril Crossland, masanin halittun teku ɗan Ingila, aikin kiwon sadaf a Dunganab, arewa da Bur Sudan. Sadaf ɗan'uwan makankarin kogi ne, ba shi da ƙashin baya. A cikinsa ake samun lu'ulu'u, da ɓawonsa kuma ake yin maɓallan riga. Masu nutso sun daɗe suna tsinto shi daga ƙasan teku. Crossland kuwa ya bi rayuwar sadaf tun daga ƙwai.

Mace takan watsa ƙwai a ruwa, namiji ya watsa maniyyi, su haɗu. Abin da ke fitowa bai kai ƙwayar yashi ba, amma yana iyo da wasu 'yan gasu, yana bin ruwa wajen mako uku. Daga nan sai ya nemi abu mai tauri, ya fitar da zare daga jikinsa ya maƙale. Yawancinsu sukan fara a matsayin maza, in suka girma wasu su rikiɗe su koma mata. Ikon Allah!

Wannan lokaci na maƙalewa Crossland ya kama. Ya riƙa saka musu matattara a ruwa daidai lokacin haihuwa, ya kwashe ƙananan, ya raine su inda kifi ba zai cinye su ba. Aiki ne na haƙuri, domin sai an yi shekaru kafin ɓawon ya isa kasuwa. Yana Dunganab har 1922, yana kuma nazarin murjani da tsutsotsin teku. Daga baya ya kafa tashar bincike a Ghardaƙa ta Masar, ya rasu a Kofanhagin a 1943.

A 2016 UNESCO ta sanya Dunganab da Sanganab, duk a Bahar Maliya, cikin wuraren gado na duniya. Yau akwai kwalejin nazarin teku a Jami'ar Bahar Maliya da ke Bur Sudan. Iyaye, in yaronku ya nuna sha'awar wannan fanni, ku ƙarfafa masa gwiwa.