Ina za a yi shanya?

Kakata, Allah ya jiƙanta, idan aka kai ta ganin sabon gida ba ta ƙirga ɗakuna. A tsakar gida take tsayawa, ta waiga ta ce, "Ina rijiya? Ina madafa? Ina za a yi shanya?" Sai ta ji amsa take sa albarka. Da ina da iko, duk mai zanen ɗakunan kwanan ɗalibai sai ya amsa mata kafin a haƙa harsashi.

Shi mai zane da gado yake farawa: gado nawa, hawa nawa. Ɗalibi kuwa barci kaɗai ke kai shi gado. Na zauna a wani hostel da aka manta da madafa, risho ya koma ƙarƙashin gado, bango ya yi baƙi ƙirin, littattafanmu suna warin kananzir da manja. Baranda ta zama wurin shanya, na ƙasa yana shan ɗigar wandon na sama. Da asuba bokitai sun yi layi gaban famfo guda, masu su sun koma barci, bokiti na riƙe wa kowa wuri.

Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, sun bi abin da maginan ƙasa suka daɗe da sani: rana da iska ake fara yi wa shawara. Suka yi dogayen gine-gine marasa faɗi, da bangon siminti mai huji-huji, iska ta ratsa, rana ta tsaya waje. A Zariya sai an yi wa dabarar kwaskwarima, don ƙurar hunturu ba ta sallama.

Ga kuma zaure, inda baƙo ke zama, bai ga cikin gida ba, ba a kuma bar shi a rana ba. Uban da ya kawo wa 'yarsa garin kunu daga ƙauye bai cancanci tsayuwa a bakin get ba.

Maƙwabta ma na cikin lissafi. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, yanzu ka tsallaka titi ka ga yadda Samaru ta cika: mai shayi, mai wanki da guga, mai fotokwafi, masu ba da hayar ɗaki ga wanda bai samu gado ba. Ko an zana musu wuri ko ba a zana ba suna tafe. In ba rumfa, kan kwalbati mai shayi zai kafa teburinsa.