Littafin Hoto da Cinyar Uwa: Inda Yaro Ke Koyon Yarda da Kansa

Littafin hoto na ƙananan yara shi ne wanda zane ke ɗauke da rabin labari ko fiye, rubutu kuwa sau da yawa bai wuce layi ɗaya ko biyu a shafi ba. Yawanci shafi 24 ne ko 32, kuma cikin minti goma an karance shi. Don yaron da bai fara haɗa baƙi ba ake yin sa, domin tun kafin ya san harafi ya iya karanta fuska: ya san mai murmushi, ya san wanda aka ɓata wa rai. A Tina Junction da maƙwabtanta irin su Unguwar Rukuba da Dutse Uku a Jos, iyaye na fafutukar kuɗin makaranta da yunifom da littafin rubutu, amma littafin hoto ana yi masa kallon kayan 'ya'yan masu hali. Wannan kallo yana jawo mana asara.

Ba wa yara labari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin takarda, kakanni ke tara jikoki da dare suna ba su labarin Gizo da Ƙoƙi. Da boko ya zo, Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, kamfanin buga littattafai na Gaskiya ya kafu a Zariya a 1945, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Sai dai yawancin waɗannan don wanda ya riga ya iya karatu ne. Ɗan shekara uku, wanda a da kaka ke riƙe da hankalinsa, yau an bar shi da wayar hannu da katun ɗin da ba ya jiran tambayarsa.

Amfanin farko na littafin hoto yana cikin zaman da ake yi don karanta shi. Mu mutane ne masu kunya. Akwai uwar da ba ta kama sunan ɗanta na fari, akwai uban da zai sayar da gonarsa don jinyar 'yarsa amma bakinsa ba zai iya furta mata kalmar ƙauna ba. Son yana nan, hanyar nuna shi ce ta yi ƙaranci. Littafin hoto kuwa ba ya karantuwa daga nesa. Dole yaro ya hau cinya ko ya jingina da kafaɗa, kai biyu su sunkuya kan shafi ɗaya, babba ya ajiye waya da aikinsa. Da maraicen sanyin Jos, uwa da ɗa cikin mayafi guda suna duba zanen akuya, yaron ya fahimci cewa yana da daraja ba tare da an faɗa masa ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa a fara karanta wa yaro tun yana jariri, kuma shaƙuwar iyaye da 'ya'ya na cikin dalilanta.

Amfani na biyu ya danganta da wanda aka zana. A 1990 wata malama Ba'amurkiya, Rudine Sims Bishop, ta kwatanta littafin yara da madubi da kuma taga: yaro na bukatar ya ga kansa, yana kuma bukatar ya leƙa rayuwar wasu. Littattafan gwanjo da ke shigowa kasuwanninmu taga ce zalla, cike da dusar ƙanƙara da yara masu gashin zinariya. Yarinyar da ba ta taɓa ganin mai kama da ita a matsayin jarumar labari ba, a hankali takan ɗauka kyau da bajinta na wasu ne.

Shi ya sa wasu littattafai suka yi fice. A Sulwe, wanda 'yar fim ɗin Kenya Lupita Nyong'o ta fitar a 2019, yarinya ce da ta fi kowa duhun fata a gidansu take neman yin haske, har ta gane kyawun launinta. A ƙasar da man bilicin ya cika shaguna, wannan darasi namu ne. A Hair Love na Matthew Cherry, shi ma na 2019, uba ne ke fama da gyaran gashin 'yarsa. Marubuciya Atinuke, wadda aka haifa a Najeriya, ta kawo Baby Goes to Market a 2017: jariri goye a baya cikin kasuwa, masu sayarwa na miƙa masa ayaba da lemo da cincin da gasasshiyar masara, yana cin ɗaya yana jefa sauran cikin kwandon da ke kan uwarsa ba ta sani ba. Duk yaron da aka taɓa goyawa zuwa Farin Gada ko Taminus zai gane wannan kasuwa.

Jos na da tata bukatar ta musamman. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni, har yara da yawa suka tashi ba su da aboki daga ɗaya ɓangaren. Ga shi kuwa Afizere da Anaguta da Birom da Bahaushe da Ibo duk Hausa suke ciniki da ita a bakin titi. Littafin Hausa da ya nuna Azi da Musa suna tura taya tare, kowa uwarsa na kiransa cin tuwo, zai shuka abin da taron sulhu na manya ke wahalar shukawa.

Yadda ake karatun ma yana da muhimmanci. Kada babba ya yi ta zuba shi kaɗai. A nuna hoto a tambaya: “Wane ne wannan? Me ya sa ta ɓoye fuskarta? Kai da me za ka yi?” Sai a yi shiru a jira. In yaro ya ce kare ne alhali kura ce, kada a kwatse shi, a ce masa: “Ya yi kama da kare kam, amma duba zanen jikinta.” Yaron da aka saurari amsarsa a gida shi ne mai ɗaga hannu a aji. In ya nemi a maimaita littafi ɗaya kullum, a maimaita; ranar da ya karɓe shi ya ba ƙanwarsa labarin da ka, ya ɗanɗani iyawa. Kakar da ba ta yi boko ba ita ma tana iya bin hoton ta ba da labari da Hausa ko yaren gida.

Kuɗi ba lalle ya zama shamaki ba. Shirin African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna da littattafan hoto kyauta a intanet, har da na Hausa, ana iya sauke su a waya ko a buga a shagon kwamfuta. A maƙwabciyarmu Bauchi da kuma Sakkwato an yi amfani da littattafan Mu Karanta! a firamare. Gidaje biyar na iya sayen littafi ɗai-ɗai su riƙa musanya, makarantun Islamiyya da na Lahadi su ware akwatin aro. Masu zane da marubutan Filato kuma su sani akwai kasuwar da ke jiransu. Iyaye dai su fara da abin da ke hannunsu: littafi ɗaya da minti goma bayan abincin dare.