Koya wa Yara Harufa a Gida: Wane Kayan Wasa Ne Yake Taimakawa?

'Yan'uwa iyaye, a zagayen da muke yi gida-gida a Mabera, cikin ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu, akwai abu ɗaya da muke yawan gani manne a bango. Wata babbar takarda ce mai launi, A da hoton tuffa, B da hoton ƙwallo, C da hoton kyanwa, har zuwa Z. Wasu gidajen kuma suna da harufan roba, ko wani akwatin wasa mai batir da yake rera waƙar harufan Turanci in an danna shi. Yanzu waɗannan kaya sun shiga kasuwannin ƙauye ma, kuma iyaye suna matse kuɗin cefane su saya domin suna son 'ya'yansu su yi gaba. Niyyar tana da kyau ƙwarai. Amma sau da yawa yaron da ya iya rera waƙar tun daga farko har ƙarshe, in ka rubuta masa "kaka" a ƙasa, sai ya tsaya yana kallonka.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na ƙasa, wato UBE, ranar 30 ga Satumba, 1999. Duk da haka, gwajin karatu da aka yi wa 'yan aji uku na makarantun gwamnati a jihohin Sakkwato da Bauchi a 2011 ya nuna mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Daga baya aka kawo littattafan Mu Karanta domin aji ɗaya zuwa uku a jihohin biyu. Amma malamin da yake fama da cikakken aji ba zai iya zama da kowane yaro shi kaɗai ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana shekara 6 da sanin sautin harufa, shi ne yake bin darasi. Wanda bai sani ba yakan zauna a baya yana amsa abin da 'yan gaba suka faɗa, a yi ta ciyar da shi gaba, har wata rana ya ce shi boko ba ta karɓe shi ba.

Sunan harafi dabam, sautinsa dabam

Ga inda matsalar takardar bango take. Ita sunayen harufa na Turanci take koyarwa. A Turanci sunan harafin A yana fita kamar "e" namu, sunan E yana fita kamar "i", sunan I kuwa "ai". To yaron da ya haddace haka, in ya ga "mama" yaya zai karanta? Wasula uku cikin biyar an riga an juya masa su. Haka C: hoton kyanwa yana nuna masa sautin "k", alhali a Hausa C ita ce ta ciki da cokali da cinya.

Ban da wannan, akwai harufanmu da babu su a takardar sam: ɓ, ɗ, ƙ, 'y, sh da ts. Ta kuma kawo p, q, v da x waɗanda Hausa ba ta aiki da su. Harufa masu ƙugiya ba ado ba ne. Baki dabam da baƙi, kafa dabam da ƙafa, fada dabam da faɗa, bari dabam da ɓari. Tun a 1912 Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, a shekarun 1930 kuma aka shigo da ƙugiyoyin nan domin a raba waɗannan sautuka. A Jamhuriyar Nijar sukan rubuta 'y da ƙugiya, ƴ, amma sautin ɗaya ne.

Hausa tana da wani sauƙi da Turanci ba shi da shi. Kusan kullum yadda aka rubuta haka ake faɗa. Wasula 5 ne, baƙaƙe 23 in ba a ƙirga alhamza da masu goyo irin kw da gy ba. Yaron da ya san "m" ya san "a" zai iya haɗa "ma" da kansa, daga nan kuma "mama". Saboda haka shawarata ita ce a fara da sauti, cikin harshen da yaro yake ji. Turanci zai zo a makaranta, kuma wanda ya riga ya gane yadda ake haɗa sauti ya zama kalma ba ya shan wuya sosai in ya koma wani harshe. A gidajen da ake wani yare, kamar 'yan'uwanmu na wajen Zuru, wasannin kunne da za mu ambata a yi su da yaren gida, harufa kuma a fara da na Hausa muddin yaron yana jin ta a unguwa.

Kunne kafin ido

Yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 ba ya bukatar harafi tukuna. Abin da yake bukata shi ne ya gane cewa kalma tana rarrabuwa. Wannan kuwa uwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya koyarwa tana tsince shinkafa. Ta kira sunan abu, su tafa hannu a kowace gaɓa: tu-wo tafi biyu, ta-bar-ma tafi uku, ma-ka-ran-ta tafi huɗu. In ya saba, sai ta ce, "Kawo mini abin da ya fara da ma a gidan nan." Ya kawo madubi ko mafici ko maburgi. Wani lokaci ta faɗi kalma a rarrabe, "a... ku... ya", shi kuma ya haɗa ya nuna dabbar. Tatsuniya da kacici-kacici da kaka take yi da dare su ma aiki suke yi, gama yaron da ya san kalmomi da yawa shi ne yake fahimtar abin da ya karanta daga baya.

Kayan wasan da za a haɗa a tsakar gida

Na fi ba tiren yashi muhimmanci a kan duk sauran. A sami tsohon tire ko faifai, a zuba yashi mai laushi, a baje. Babba ya rubuta harafi ɗaya da yatsa yana faɗin sautinsa, yaro ya bi, a girgiza a sake. Ba a sayen fensir, ba takardar da za ta ƙare, kuma kuskure yana ɓacewa nan take, saboda haka yaro ba ya jin tsoro. Maƙwabtanmu masu makarantar allo sun daɗe da sanin amfanin abin rubutun da ake wankewa a sake. Su ma a tsarinsu babbaƙu ake fara koya, sannan farfaru, wato harafi tukuna, sa'an nan a ɗora masa wasali.

Na biyu shi ne harafi mai kaushi. Wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan koyar da 'ya'yan talakawa a birnin Roma a 1907. Cikin kayan da ta yi aiki da su akwai harufan da aka yanka daga takarda mai kaushi irin ta kafintoci, yaro yana shafawa da yatsa yana faɗin sautin. Dalilinta shi ne hannu yana riƙe abin da ido yake mantawa. Makarantu masu tsada suna sayen irin waɗannan har yau, amma mu za mu iya yin namu. A yanka kwalin taliya ko na sabulu kamar faɗin tafin hannun babba. A zana harafin da ƙaro da aka jiƙa, ko da kokon rogo mai kauri, a barbaɗa yashi a kai, a shanya a inuwa. In ya bushe a kakkaɓe. A yi harafin da girma, a sa ɗigo a inda yatsa zai fara. Kwali ba ya son laima, don haka da damina a zuba su a leda a rataye, musamman a unguwa irin Mabera inda ruwa yakan shiga gidaje.

Ƙananan harufa za a fara yi, ba manya ba. Buɗe kowane littafi ku duba, kusan duk shafin ƙananan harufa ne. Manyan su biyo baya, a fara da na farkon sunan yaron.

Sai marafan robar lemo. A wanke su, a rubuta gaɓa ɗaya a kan kowanne: ma, ka, na, ku, nu. Yaro ya jera biyu ya ga abin da ya fito. Ka da ka, kaka. Na da ma, nama. Ku da nu, kunu. In ya juya na da ma ya sami mana, zai yi dariya, a nan ne kuma yake gane cewa wurin zaman harafi yana canja magana. Wannan wasa shi ne gadar da take tsakanin sanin harafi da karatu, kuma ita ce takardar bango ba ta ginawa.

Yumɓu da karan dawa ma suna da amfani. Yaran da suke ƙera shanun laka da motar kara za su iya murza "o" da "a" su shanya, ko su haɗa "k" da "t" da ɓawon kara. 'Yan mata masu 'yar gala-gala a rubuta musu harafi a kowane ɗaki da gawayi, duk inda ƙafa ta sauka a faɗi sautin. Har takardar kuɗi tana koyarwa: tun 2007 ƙananan takardun naira suna ɗauke da Hausar boko, Naira Goma, Naira Ashirin, Naira Hamsin. Kwalin Omo ma ana karanta shi daidai da ƙa'idar Hausa.

Ta ina za a fara?

Ba dole ne a bi jerin a, b, c ba. A gaskiya ma bai kamata ba, domin b da d suna kusa da juna kuma su ne suka fi rikita yara. Ni nakan ba da shawara a fara da a, m, k, n. Da waɗannan huɗu kaɗai yaro zai karanta mama, kaka, nama, kama, mana da Nana. A ƙara o ya sami nono da koko, a ƙara u ya sami kunu da kuka. Harafi ɗaya ko biyu a mako ya isa. A raba b da d da makonni, kuma kada a kawo ɓ ko ɗ ko ƙ sai ɗan'uwansa marar ƙugiya ya zauna daram. Ranar da za a kawo ƙ, a ajiye kwalin k kusa da shi, a faɗi kafa da ƙafa, yaro ya nuna wanda ya ji.

Akwai wani abu da ya shafe mu a ƙasar Sakkwato. Littattafai da daidaitacciyar Hausa ake rubuta su, wadda ta fi kusa da ta Kano. Yaro a gida yana cewa lahiya, tahiya, hwari, littafi kuwa yana cewa lafiya, tafiya, fari. Kada a ce masa maganarsa ba daidai ba ce. A gaya masa kawai, "Mu haka muke faɗa, a littafi kuma ga yadda ake rubutawa." Yara suna ɗaukar wannan da sauri in ba a kunyata su ba.

Minti 10 zuwa 15 a rana ya fi awa biyu ranar Asabar. Da sanyin safiya ake kama fara: a watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, yashi yana ƙuna, yaro ba ya da natsuwa, saboda haka a yi da sassafe ko bayan la'asar. In ya gaji a bari. Bulala ba ta da wuri a wannan aiki. Yaron da aka doke shi saboda harafi, harafin yake tsana. Juya b ta koma d, ko fara rubutu daga dama, abu ne da yara da yawa suke yi har wajen shekara 7. A sa tsakuwa a gefen hagu na tire a ce daga nan ake tashi. Bahago kuma a bar shi da hannunsa.

Inda iyaye ba su yi karatu ba, yayan da yake aji huɗu ko biyar zai iya riƙe wajen harufa, uwa ta riƙe wasan kunne. Zumuntar mata za ta iya ware yamma ɗaya a haɗa kwalaye da marafa tare, wadda ta iya rubutu ta zana, sauran su shafa ƙaro su barbaɗa yashi. Saiti ɗaya zai zaga gida uku ko huɗu. Malaman makarantar Lahadi kuma su tambayi kowane yaro sautin da ya koya a makon. A haɗa da yara mata daidai da maza, kada a bar yarinya da goyon ƙane tana leƙe daga nesa.

A yi hattara

Duk abin da zai iya shiga bakin yaro ɗan ƙasa da shekara 3, kamar marfi, tsakuwa ko ƙwallon dabino, a tattara shi bayan wasa. Marfin kwalba na ƙarfe yana yanka, na roba ya fi. Kayan wasa masu ƙaramin batir mai kama da maɓalli sun fi kome haɗari, domin in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi. In haka ta faru a tafi asibiti nan da nan, kada a tsaya sa shi amai. A tankaɗe yashi saboda ƙaya da fasasshiyar kwalba, a ɗebo shi nesa da inda dabbobi suke kwana, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

In kuma an yi watanni ana wasan nan amma yaro bai iya raba "ma" da "na" da kunne ba, ko ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, ko kunnensa yana zubar da ruwa, ko yana kai fuska dab da tire kafin ya ga harafi, a kai shi asibiti a duba kunne da ido kafin lokacin shiga aji ɗaya ya yi.