Wasa da karatu a makarantunmu: da ruwan ciki ake jan na rijiya

A wannan fitowa shafin lafiya da noma zai leƙa farfajiyar makarantar boko, wadda muka fi sani da lakwal. A rangadin da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci cikin gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, akwai tambayar da uwaye suke yawan yi mana. Suna cewa: mun aika yara su koyi karatu, don me mushe yake fitar da su waje suna guje-guje da tsalle-tsalle? Yaron da ya yi tafiyar ƙasa daga ƙauyensu, da ɗiyar da ta yi daka da jan ruwa tun asuba, wane motsa jiki kuma suke bukata? Tambayar tana da hujja, saboda haka ta cancanci amsa a natse.

Aiki daban, wasa daban

Gaskiya ne ɗan karkara ba malalaci ba ne. Amma daka da jan guga da ɗaukar tulu aiki ne da yake nauyaya wa gaɓoɓi ɗaya kullum, wato baya da wuya da kafaɗu. Wasa kuwa yana motsa jiki duka. Gudu yana ƙarfafa zuciya da huhu, tsalle yana ƙarfafa ƙashi, kuma yaro yana hutawa idan ya gaji, abin da aikin gida ba ya bari. Bayan haka, a tuna da zaman aji. Yara suna share awoyi a kan tabarma, ko a matse su uku ko huɗu a benci ɗaya. Duk malamin da ya riƙe alli ya san lokacin da gyangyaɗi da tsokana suke shiga aji. Idan yara suka miƙe suka motsa na ɗan lokaci, jini ya gudana, sai hankalinsu ya dawo kan allo.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a shekarar 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya kamata ya samu minti 60 a kowace rana yana motsin da zai sa numfashinsa ya ƙaru. Ta ƙara da cewa kwana 3 a mako a haɗa da wasa mai ƙarfi da ke gina tsoka da ƙashi. Ba lalle a yi minti 60 ɗin a jere ba. Tafiya da sauri zuwa makaranta ma tana cikin lissafi. Tun a 1978 hukumar UNESCO ta ɗauki tarbiyyar jiki da wasanni a matsayin haƙƙin kowane ɗan Adam. A tsarin darussan makarantun firamare na ƙasarmu ma akwai lokacin motsa jiki, kamar yadda ake da lokacin lissafi. Sai dai shi ne darasin da aka fi saurin yadawa idan jarrabawa ta matso, ko idan malami ɗaya yana riƙe da aji biyu.

Kayan wasan suna gida

Wasu kwamitocin makaranta sukan ce ba su da kuɗin ƙwallo da riguna. Mu kuwa muna cewa kakanninmu sun bar mana wasannin da ba sa cin ko dala. Langa tana koya wa yaro tsayuwa da ƙafa ɗaya, da juriya, da kare abokin wasa. Gaɗar ƴammata, da tafi da tsalle da jefa juna, motsa jiki ce cikakkiya. Igiyar tsalle ana tufka ta da kaba, wadda Allah ya wadata yankinmu da ita. Ƙwallon tsumma kuwa kowane yaro ya iya ɗaura shi.

Kokawa ita ce sarauniyar wasanni a Nijar. Gasar ƙasa ta farko an yi ta a Tawa a 1975, kuma ɗan jihar Maraɗi, Kantu, shi ne ya yi nasara. Filin kokawa na birnin Maraɗi yana ɗauke da sunansa. Isaka Dabore ya samo wa ƙasarmu lambar tagulla a damben zamani a gasar Olamfik ta 1972, Abdul Razak Isufu Alfaga kuma ya samo ta azurfa a wasan tekwando a 2016. Ba kowane yaro ne zai kai nan ba, amma kowane yana da haƙƙin yashi mai laushi da babu ƙaya ko fasasshiyar kwalba, da babba mai sa ido don kada a haɗa ƙarami da wanda ya fi ƙarfinsa.

A nan dole mu yi magana kan ɗiya mata. A makarantu da yawa, da an buga ƙararrawar hutu sai manyan samari su mamaye fili, ƴammata kuma a tura su shara ko ɗebo ruwa. Wannan ba adalci ba ne. A raba fili biyu, ko a raba kwanaki. Inda uwaye suke jin nauyi, malama ko wata daga cikin ƙungiyar uwaye mata ta tsaya tare da ƴammatan. Shara da ɗebo ruwa kuma a yi su bi da bi, maza da mata. Haka nan yaron da ke da naƙasa a ƙafa ko a hannu, a nemo masa wasan da zai iya, kada a mai da shi mai gadin takalma.

Kowane lokaci da irin motsinsa

Manomi ba ya shuka a rani, haka malami bai kamata ya fitar da yara gudu da tsakar rana ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce awo 40 a jiharmu. A wannan lokaci wasa mai ƙarfi sai da sanyin safiya. Ga tsarin da muke ba da shawara a kai: minti 10 na miƙe gaɓoɓi da ɗan gudu kafin a shiga aji, minti 3 na tashi da tafi da miƙa tsakanin darasi da darasi, sannan a bar wa yara hutun hantsi cikakke, kada a cinye shi da kwafar rubutu. Ranar da iskar hunturu ta taso da ƙura, a taƙaita gudu, musamman ga masu fuka.

Idan yaro ya ce kansa yana ciwo, ko jiri yana ɗibarsa, ko ya fara amai bayan wasa, a kai shi inuwa nan take, a sassauta masa tufafi, a shafa masa ruwa, a ba shi ya sha kaɗan-kaɗan. In ya suma ko maganarsa ta rikice, a garzaya da shi gidan likita, kuma kada a ɗura masa ruwa yana sume. Yaron da ke da amosanin jini, wato sikila, uwayensa su sanar da malami tun farkon shekara, domin gajiya mai tsanani da ƙishirwa suna tayar masa da ciwo. Mai zazzaɓi kuma ba shi da wasa sai ya warke. Gudu ko durƙuso cikin rana a matsayin horo, wannan a bar shi gaba ɗaya. Yana cutar da jiki, yana kuma sa yaro ya tsani wasan da ake so ya ƙaunata.

Ciki da randa

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya fito gida bai karya ba, ba zai yi gudu ba, ba zai riƙe karatu ba. Ƙasar Agye da Cadawa da Gazawa ta yi suna wajen noman aya da riɗi da wake da gujiya. Abin takaici ne a sayar wa ƴan kasuwa da duka tun da kaka, ɗan manomin ya tafi lakwal da ciki wayam. A ware ƴan tiyoyi saboda yara. Kunun hatsi da aka dama da gujiya, ko wake da ɗan mai, ko ƙuliƙuli da aya a aljihu, sun isa su riƙe yaro har azahar. Inda ake dafa wa ɗalibai abinci a makaranta, uwaye su sa ido kan sito da tsabtar madafa.

Wani yaron kuma ana ce masa rago, alhali jini ne ya yi masa kaɗan. A duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa. In sun yi fari, a kai shi likita. Zazzaɓin sauro, tsutsar ciki da rashin abinci mai gina jini su ne suka fi jawo haka. Ganyen zogala, wake da hanta suna taimakawa. Idan ma'aikatan lafiya suka zo rabon maganin tsutsa a makaranta, kada a hana yara sha. Sa takalmi yana kare yaro daga tsutsar da ke shiga ta fatar ƙafa. Fitsarin jini bayan wanka a tabki kuwa cutar tsargiya ce, ba alamar balaga ba ce, kuma tana da magani.

Mai wasa yana zufa, mai zufa yana bukatar ruwa. Kowane aji ya samu randa mai murfi da moɗa mai mariƙi, a riƙa wanke su. A bakin makewayi a rataye jarka mai ɗan ƙaramin huji, a ajiye sabulu ko toka. Ranar 15 ga Oktoba ita ce ranar wanke hannu ta duniya, kuma tana faɗowa a farkon shekarar karatu. Dama ce ta fara wannan aiki.

Inuwa ma shuka ta ake yi

Filin da ba itace ba ya wasuwa da bazara. Manoman jiharmu sun nuna wa duniya sassaben zamani tun daga shekarun 1980, inda ake barin tohon kututture a gona ana yi masa aski har ya zama itace. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi fice a wannan aiki. Abin da aka iya a gona, a kawo shi farfajiyar makaranta. A raya gawo da kalgo da aduwar da suka tsiro da kansu, a dasa bedi a gefen fili, kowane aji ya ɗauki nasa itatuwan. Ranar dashen itace, 3 ga Agusta, makaranta tana hutu, don haka dashe da shinge da tsaron awaki suna wuyan mutanen gari. Lambun makaranta ma motsa jiki ne mai amfani, muddin an auna aikin da ƙarfin yara, kuma abin da aka girbe ya shiga bakinsu.

Akwai wani amfanin horar da yara tashi da shiga layi cikin tsari. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a birnin Maraɗi, ta halaka ƙananan yara fiye da 20. Allah ya jiƙansu. Har yanzu akwai azuzuwan zana da kara a ƙauyukanmu. Kowace irin wannan rumfa ta samu ƙofa biyu, a nesanta ta da murhun masu sayar da abinci, malami kuma ya riƙa gwada wa yara fita da sauri ba turereniya, har abin ya zama musu jiki.

Aikin da ke gabanmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da COGES, da ƙungiyar uwayen ɗalibai da ta uwaye mata, su sa wannan magana cikin tsarin aikinsu na shekara. A tambayi darakta ranakun darasin motsa jiki, a tabbata ana yin sa. A sa ranar gayya don share fili da zuba yashi. Malamai kuma su tattauna batun a taronsu na ƙara wa juna sani. Ku da kuka koyi karatu da rubutu a cibiyoyinmu, daga Gangara har Tibiri da Cadakori, ga inda alƙalaminku zai yi amfani: ku riƙe littafin kwamiti, ku rubuta wanda ke da aikin cika randa, da yawan itatuwan da aka dasa da waɗanda suka rayu, da sunan yaron da ke bukatar kulawa. A karanta wannan shafi a aji, a kuma karanta wa maƙwabcin da bai samu zuwa ba.

Lafiya uwar jiki. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka.