Ba A Yi Wa Mamaci Shaidar Aljanna Da Ka

Maƙwabcina a kasuwar Kalgo ɗan Katolika ne. Da tsohuwarsa ta rasu, wasu suka ce ai ta shiga aljanna, ya huta da addu'a. Ya ce ina! A koyarwarsu, sai wanda coci ta bincika ta ɗaukaka, irin Fada Tansi a 1998, ake shaidar yana sama. Wasu kuwa sai an tsarkake su a Furgatori, shi ya sa kowace 2 ga Nuwamba suke roƙa musu gafara. Mu ma a Gwandu ba mu fasa yi wa namu addu'a. Jama'a, hukunci na Allah ne.

Naku,
Ɗan tireda, Kalgo.