Ko Kun Sani? Siririn Karen da Ya Yi Suna a Turai, Ɗan Nijar Ne

Karen nan mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, wanda ake iya ƙirga haƙarƙarinsa da ido, sau da yawa ba yunwa ke damunsa ba. Haka halittarsa take. Masana karnuka suna kiran fitaccen jinsinsa Azawak, sunan kwarin da ke arewa maso yammacin Nijar har cikin Mali, inda Buzaye da Fulani suka daɗe suna kiwonsa. An fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi.

Namijinsa kan kai santimita 74 a tsayi, amma da ƙyar nauyinsa yake wuce kilo 25. Gashinsa gajere ne, rana ba ta kayar da shi, yana kamo zomo da barewa, in dare ya yi ya tsare garke. Sai dai ɗauri bai karɓe shi ba, kuma ba ya sakin jiki da baƙo.

Karnukan maharba da makiyaya a garuruwan Agye, Gazawa da Gidan Rumji na Nijar su ma suna da wannan juriyar rana, su ƙoshi da tsaki da sauran tuwo. Karen Jamus kuwa, irin na ƴan sanda, gashinsa mai kauri ne: zafin Afrilu na galabaitar da shi, kaska na ɓuya a jikinsa, abincinsa kuma da tsada.

Kowanne mutum ya zaɓa, allurar rigakafin haukan kare dole ce, domin kusan duk masu kamuwa da cutar daga cizon kare suke samunta.